Nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya: abin da ɗan koyo zai sani tun yana tudu

Waɗanda suka kama shirin makon jiya sun ji saƙon murya da wani ɗan'uwa ya aiko mana. Fatauci yake yi, yana zuwa Alƙahira sarin kaya. A tafiyarsa ta ƙarshe abokin cinikinsa ya ɗauke shi shan iska zuwa Hurgada, wani gari a bakin Bahar Maliya. Can wasu samari suka tare shi da hotuna, ga mutane a ƙarƙashin ruwa da tukunya a baya, kifaye kala-kala na kewaya su. Suka ce rabin yini kawai, kuɗi kaɗan, har hoto za a ɗauke shi. Jirginsa na komawa gida washegari ne da asuba. Ya ce ya ji sha'awa, amma gabansa ya faɗi, bai shiga ba. Abin da ke damunsa, in ji shi, ɗan bakin kogi ne, tun yana yaro yake nutso, to me ya sa zai ji tsoron abin da tsofaffin Turawa ke yi? Ya yi asara ne ko ya tsira?

Alhaji, faɗuwar gaban nan ta yi maka rana. Jirgin asuba kaɗai ya isa dalili, za mu zo kansa. Amma akwai wanda ya fi shi, wato iya nutson kogin da kake taƙama da shi. Babbar ɗabi'ar mai nutson kogi ita ce abu na farko da malamin wannan nutso zai yi ƙoƙarin cirewa daga jikinka.

Bari mu fara da kayan. Turawa suna ce wa abin sikuba. Tukunya ce ta ƙarfe ake goya maka, mai kama da tukunyar gas amma siririya. Mutane da yawa sun ɗauka oksijin irin na asibiti ne a ciki. A'a. Iskar nan ce da kake shaƙa yanzu, aka tace ta aka danna ta da inji. Tukunyar da aka fi ba ɗan koyo tana cin kamar lita 12, ana cika ta har ma'auni ya nuna bar 200. In kana son ka gane ƙarfin dannin, tambayi mai faci: tayar ƙaramar mota bar 2 ne da 'yar ɗoriya. Ka ga iska mai wannan ƙarfi ba ta shaƙuwa kai tsaye, sai ta bi ta wata na'ura da ke rage mata ƙarfi, ta ba ka ita daidai lokacin da ka ja numfashi, daidai da nauyin ruwan da ke kanka. Wani sojan ruwan Faransa, Jacques Cousteau, da wani injiniya Émile Gagnan, su suka haɗa wannan na'ura a 1943, kuma daga nan nutso ya zama abin da mutum zai koya don nishaɗi. Sauran kayan su ne tabarau mai rufe ido da hanci, takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, rigar roba mai riƙe ɗumi, ɗamarar dalma don ka iya nitsewa, sai wata falmaran da ake hura mata iska ko a sace, ita ke sa ka tsaya a tsakiyar ruwa, ba ka yi sama ba, ba ka yi ƙasa ba.

To yanzu ga gundarin maganar, a nan nake so ka ba ni hankalinka.

Ruwa nauyi gare shi, duk wanda ya taɓa jan guga ya sani. A tudu akwai nauyin iskar sama a kanka, ka saba da shi shi ya sa ba ka ji. In ka sauka mita 10 cikin teku, wato kamar gaba biyar da rabi a lissafin masu rijiya, nauyin da ke danne ka ya ninka biyu. A mita 20 ya ninka uku, a mita 30 ya ninka huɗu. Nama da jini ba su damu ba, don ruwa ne mafi yawansu. Abin da ke matsuwa shi ne iska. Hura balan-balan ta yara ka ɗaure bakinta, ka sauka da ita mita 10, za ta koma rabin girmanta. Ka dawo da ita sama, ta koma yadda take. Ba abin da ya same ta.

Haka huhun mai nutson kogi yake. Masuntan da ke nutso a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, a sama suke cika huhu, su riƙe, su nitse. Iskar ta matse, su taso ta dawo girmanta na farko. Riƙe numfashi shi ne gwanintarsu, kuma ba ya cutar da huhunsu.

Yanzu juya lissafin. Ka sauka mita 10 da balan-balan babu iska, can ƙasa ka hura ta ta cika daga tukunya, ka ɗaure bakin, ka sake ta. Kafin ta iso sama iskar cikinta tana neman wuri ninki biyu. Fashewa za ta yi. Wannan shi ne huhun mai tukunya in ya cika shi a ƙasa, ya riƙe numfashi, ya taso. Huhu ya yage, iska ta shiga jini, kumfa ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya iso sama a sume ko rabin jikinsa a shanye. Kada ka ce ai ni ba zan yi zurfi ba. Kusa da sama ne iskar ta fi saurin kumbura, tasowar mita ɗaya ko biyu da cikakken huhu a rufe tana iya yin ɓarna, ko a kwamin wanka na otal. Shi ya sa dokar farko, wadda kowace makaranta ke farawa da ita, ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Ka ja, ka saki, ka ja, ka saki, a hankali. Ko abin bakin ya suɓuce maka, ana koya maka ka riƙa fitar da 'yan ƙananan kumfa har ka lalubo shi.

Ka ga inda matsalar ɗan kogi take? Ran da ruwa ya shiga tabaransa, ko ya ƙware, jikinsa ba zai tsaya shawara da shi ba. Abin da ya saba shekara ashirin zai yi: ya rufe maƙogwaro, ya buga ƙafa, ya nufi sama da gudu. A kogi wannan ke ceton rai. Da tukunya a baya shi ke kisa. Ni a ganina wanda bai taɓa nutso ba amma yana da natsuwa ya fi sauƙin koyarwa bisa gwanin da ke jin ba abin da za a faɗa masa game da ruwa.

Kunne shi zai fara gaya maka cewa nauyin nan gaskiya ne. Bayan dodon kunne akwai ɗan sarari mai iska, da wata siririyar hanya da ta haɗa shi da maƙogwaro. Kana sauka, ruwa yana tura dodon ciki. Irin toshewar kunnen da kake ji lokacin da jirgi zai sauka, amma ta fi ta nesa ba kusa ba. Maganin shi ne ka matse hanci da yatsu ka hura a hankali, ko ka haɗiyi yawu, tun kafin ciwo ya zo, kuma a kai a kai, kusan kowace mita. In ya ƙi buɗewa, ka ɗan yi sama ka sake gwadawa. In ya ƙi, an fasa nutson ranar, shi ke nan. Jarumta a nan dodon kunne take fasawa. Mai mura kuwa hanyar tasa a toshe take, kada ya shiga. Wanda ya baro gida cikin hunturu da ƙurar buji a hanci, ya bari ta sake shi tukuna.

Sai maganar jirgi. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, kusan kashi 78 wata iska ce da ake kira naitirojin, wadda jiki ba ya aiki da ita, shiga take ta fita. Amma a ƙarƙashin nauyin ruwa narkewa take cikin jini da tsoka, gwargwadon zurfi da daɗewa. Ɗauki kwalbar lemo a rufe, ba ka ganin kumfa, alhali iskar tana ciki a narke. Buɗe a hankali, ta fita da ɗan huci. Ɓalle murfin farat ɗaya, ka ga abin da zai faru. Mai nutso kwalbar lemo ne. In ya taso a hankali, naitirojin ta bi jini ta fita ta huhu. In ya taso da gaggawa, ta yi kumfa cikin gaɓoɓi, ko laka, ko ƙwaƙwalwa. Don haka ake tasowa sannu, makarantar PADI ta ce kada a wuce mita 18 a minti ɗaya, malamai da yawa rabin haka suke bi. A mita 5 kuma a tsaya cik minti 3 kafin a fito.

Ko bayan ka fito lafiya ka sha shayi, sauran iskar tana jikinka, sai ta yi sa'o'i tana fita. Cikin jirgin sama kuwa nauyin iska bai kai na ƙasa ba, kamar an ɗora ka kan dogon dutse ne. Wato an sake buɗe murfin kwalbar. Ƙa'idar da aka sani ita ce, bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgi, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere a jira aƙalla awa 18. Masu taka-tsantsan kwana guda cur suke bari. Alhaji, samarin can nutso biyu suka saba yi wa mutum a fita ɗaya, a dawo da la'asar, kai kuma jirginka da asuba. Yi lissafin da kanka. Mu 'yan kasuwa mun saba ajiye yawo sai ranar ƙarshe, bayan an gama ciniki an ɗaure kaya an kai wa masu awo. Nutso a farkon tafiya ake sa shi ko tsakiya. Haka nan wanda ya yi nutso a Dahab, kada ya ce da daren nan zai hau Dutsen Sinai kallon fitowar rana, dutsen ya haura mita 2,000, hukuncinsa ɗaya da jirgi.

Abin da aka yi maka tayi a bakin ruwa, na rabin yini, ɗanɗano ne. Ba haramun ba ne in an yi shi yadda ya kamata: a yi maka bayani, a gwada ka a ruwa mara zurfi inda za ka iya miƙewa tsaye, sannan malami ya sauka da kai yana kusa da kai, kada a wuce mita 12. Ba ya ba ka takardar komai, gobe in ka dawo baƙo ne kai. Koyo na sosai kwana uku zuwa huɗu yake ci. Akwai karatu da 'yar jarrabawa. Akwai gwajin iyo, a tsarin PADI mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa minti 10 ba tare da kama komai ba, don haka wanda bai iya iyo ba ya fara da nan. Sai atisaye a kwami ko gaɓa mai lafiya, inda za a sa ka cire abin baki ka mayar, ka bar ruwa ya cika tabarau ka fitar da shi da hucin hanci, ka cire tabaran gaba ɗaya ka ci gaba da numfashi, ka karɓi iska daga tukunyar abokinka kamar taka ta ƙare. Wannan na cire tabarau shi ya fi ba mutane wuya, ruwan gishiri yana taɓa hanci hankali ke tashi. Maimaita shi ake yi har jiki ya daina firgita, kuma don shi kake biyan kuɗinka. Daga nan nutso huɗu a teku tare da malami. In ka ci, a ba ka kati mai hotonka wanda ake karɓa a ƙasashe da yawa, iyakarka mita 18, gaba goma ke nan, kuma kullum da abokin nutso, ba a shiga kai kaɗai. Kuɗin ɗaruruwan yuro ne, ka ƙaddara ragon layya ne mai kyau.

A ƙarƙashin ruwa ba magana, da hannu ake zance. Ɗaya kawai zan faɗa maka don tana rikita sababbi: ɗaga babban yatsa sama ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu tashi. Lafiya lau shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Yaya za ka gane makarantar kirki? Kai da ke buɗe bakin sa ka duba haƙori kafin ka yi tayi, kada kunya ta hana ka bincike a nan. Ka ce malamin ya nuna maka katinsa na koyarwa. Manyan ƙungiyoyin da ke ba da shi sun haɗa da PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, da SSI, da CMAS da aka kafa a 1959, Cousteau ne shugabanta na farko. A Masar akwai hukumar da ake kira CDWS mai kula da lasisin wuraren nutso, ka tambaya ko suna da rajista da ita. Ka tambayi mutum nawa malami ɗaya zai riƙe, in ka ga an tara goma sha wani abu a kan mutum ɗaya, juya. Ka duba ko akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a kwalekwalen. Ka shaƙi iskar tukunya tun a tudu, in ka ji warin mai ko hayaƙi, ka ƙi ta. Sannan harshe. Wannan ba wurin gyaɗa kai ba ne alhali ba ka gane ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru su nemi malami mai Faransanci, akwai su a Sharm el-Shek da Hurgada, na Cadi da Sudan Larabci ya wadatar da su. Hajiya, ke ma kina iya neman malama mace, kuma rigar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai mai hula. Babbar alamar wurin banza ita ce a karɓi kuɗinka ba a tambaye ka lafiyarka ba.

Takardar lafiyar nan da za a ba ka ka cike, kada ka yi mata irin cikewar takardar kan iyaka. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, wanda huhunsa ya taɓa samun matsala irin ta tarin fuka, mai hawan jini ko ciwon sukari, duk sai likita ya duba ya sa hannu, wasunsu ma ba za a bari ba sam. Mace mai ciki ba ta nutso. Akwai kuma wanda ya shafe mu fiye da Turawan da ka gani a hoto, wato amosanin jini. Mai sikila bai kamata ya shiga ba, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala duk suna tayar da ciwon. Wanda gwaji ya nuna AS ne, ya gaya wa likita ya ji ta bakinsa. Ƙishirwa tana ƙara haɗarin kumfan nan da muka yi magana, ga iskar tukunya busasshiya ce, ga zafin Masar. Shawarata kada ka sa koyonka cikin watan azumi. Masu haɗiyar ƙwaya don ƙarfin aiki kuwa, ba sai na faɗa ba.

Kada duk wannan ya sa ka ɗauka abin ba daɗi. Mutanen da suka haura shekara sittin suna yi, yara 'yan shekara 10 ana fara koya musu. Bahar Maliya kuma tana cikin wuraren da duniya ke tururuwa dominsu, ruwanta garai-garai, ba manyan koguna da ke zuba mata laka. Gishirinta ya fi na yawancin tekuna, shi ya sa ake ƙara wa mutum dalma. A ƙasa komai yakan yi maka kamar ya fi girma kuma ya fi kusa. Launin ja shi ke fara ɓacewa, in ka yanke a can ƙasa jinin kore-kore za ka gan shi. Duwatsun da ka gani masu rassa kamar itace dangin murjani ne, kuma masu rai ne, ƙananan halittu ne suka gina su cikin ɗaruruwan shekaru. Masar ta killace Ras Muhammad tun 1983, ɓallo ko guntu laifi ne. Hannunka ya zauna a jikinka, don akwai murjanin da ke ƙuna kamar wuta, akwai kifin da ke kwanciya kamar dutse da ƙayar dafi a bayansa. Kifin shak da kowa ke tambaya, e, an taɓa samun hari a gaɓar Masar, amma abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, gaggawar tasowa ta fi shi zama abin tsoro ga ɗan koyo.

Ɓangaren Sudan, inda Hausawa da yawa ke zaune a Fot Sudan, yana da wuraren da masana ke yabo: Sanganeb da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, da Sha'ab Rumi inda Cousteau ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutane suka yi wata guda a ciki, da jirgin Italiya mai suna Umbria da ma'aikatansa suka nitsar a 1940. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ba wurin da zan tura mutum yawo ba ne. A Dahab kuma akwai wani rami mai zurfi da ake kira Blue Hole, ya ci rayukan masu nutso da yawa, mafi yawa wajen neman ratsa wata ƙofa da zurfinta ya wuce mita 50. Tun daga wajen mita 30 naitirojin ke fara bugar da mutum kamar maye, ya daina lissafi. Mai katin mita 18 ba ruwansa da can, ko wa ya ce zai riƙe masa hannu.

In bayan nutso ka ji ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, ko gajiyar da ta wuce misali, ko jiri, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi kamar ba naka ba, ko fata ta yi ƙaiƙayi da tabo, ko fitsari ya ƙi fita, kada ka ce sanyi ne ya kama ka ka nemi man zafi. Alamun sukan zo cikin sa'o'in farko, wani lokaci sai an kwana. Ka kwanta, a sa maka oksijin, a kira likitan masu nutso. Maganin shi ne wani ɗaki na ƙarfe da ake sa mutum a ciki a danna iska, kamar an mayar da shi ƙarƙashin ruwa, kumfan ya narke, sannan a sassauta a hankali cikin sa'o'i. Akwai irinsa a Sharm el-Shek da Hurgada da Dahab. Tsada gare shi ƙwarai, don haka ka tambayi makarantar inshorar nutso ta 'yan kwanaki tun ranar rajista, inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar wannan. In kuwa sai da ka sauka gida abin ya taso, kalmar farko da za ka gaya wa likita ita ce ka yi nutso da tukunya, da ranar, da zurfin. In ba ka faɗa ba zazzaɓin cizon sauro zai fara nema, kuma ba laifinsa ba ne, bai saba ganin irin wannan a garin da ke nesa da teku ba.